Fari Daga Allah Ne, Gatari Kuwa a Hannunmu Yake

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, zanen shanun da ke jikin Dutsen Habude a Birnin Kudu shaida ne cewa ƙasar nan ta daɗe tana ciyar da mutum da dabbarsa. Dattawan Surko da Gwaram sun tashi cikin inuwar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da marke. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da dama, wannan jarrabawa ce daga Ubangiji. Amma saran itace ɗanye domin gawayi, da cinna wa daji wuta saboda ɓera ko zomo, wannan aikin hannunmu ne, kuma aya ta 41 ta Suratur Rum ta jingina irin wannan ɓarna ga mutane.

Manzon Allah (S.A.W.) ya keɓe Naƙi'i ya zama hurumi. Sayyidina Abubakar ya hana rundunarsa saran itace mai 'ya'ya, alhali ana yaƙi. To, mu ina uzurinmu cikin zaman lafiya?

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Saboda haka kowane magidanci ya dasa ɗorawa ko mangwaro a daminar bana, ya kuma bar tohon da ya fito a gonarsa ya girma.

Allah Ya sa mu dace, amin.