Uwar Maƙera Ba Kujera Ba Ce

A maƙerun gargajiya na ƙasar Gaya, yaron da aka kawo koyon sana'a, tun kafin a miƙa masa zugazugi, ana ja masa kunne: kada ya kuskura ya zauna a kan uwar maƙera. In ya nemi dalili, sai maigidansa ya ce, "Haka muka tarar."

Gaya kuwa ba baƙuwar ƙira ba ce. Tarihin baka ya nuna cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya ya sauka a gindin Dala yana neman tama, kuma daga sunansa birnin ya samo nasa. Zuriyarsa ake kira Abagayawa. Sana'ar da ta daɗe haka ba ta rasa asiri. Har yau a wasu ƙauyuka, idan yaro ya ƙone, akwai masu fara garzayawa da shi wurin maƙeri ya yi masa tofi, don an yarda wuta tana jin maganarsa.

Camfin bai tsaya a bakin maƙera ba. A gidajen Gaya da Ajingi, kamar sauran ƙasar Hausa, tsofaffi na hana shara da dare, suna hana zama a kan turmi, suna hana watsa ruwan zafi a tsakar gida ba tare da bisimilla ba, wai kada a ƙona 'ya'yan aljanu. A kasuwa, ɗan tireda kan ƙi ba da bashi da sassafe kafin ya buɗe ciniki. Idan Larabar ƙarshen watan Safar ta zo, wadda ake kira Larabgana, akwai mai ɗage tafiya.

Shin duk waɗannan jahilci ne, ko akwai hikima a ciki?

Idan aka ɗaga mayafin tsoro, yawancinsu ƙa'idojin aiki ne. Uwar maƙera takan ɗauki zafi, ga ɓarɓashin ƙarfe a kewaye. Mai shara a duhu, zamanin da fitilar aci-bal-bal ce hasken ɗaki, na iya share allura ko ɗan kunne, ko ta taɓa kunama. Turmi wurin daka abinci ne. Wadda ta tsaya ta yi bisimilla kafin ta watsa ruwan zafi ta samu damar ganin jaririn da ke rarrafe. Ɗan tiredan da ya fara rana da bashi kuwa jarinsa ya taɓa. Magabata sun lura yaro ba ya jin dogon bayani, amma yana jin tsoron aljani, sai suka ɗora wa aljani aikin gadi.

A nan ne malamai ke shigowa. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya kore shu'umcin tsuntsu, da na mujiya, da na watan Safar. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara jihadi a 1804, ya soki girmama duwatsu da itatuwa a littafinsa Nurul Albab. Daga 1978, da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos, wa'azin yaƙi da camfi ya ƙara kaifi har cikin ƙauyuka. Amma ba duk abin da ya yi kama da camfi ne camfi ba: tsare yara a gida da almuru, da rufe ƙwarya, da kashe wuta kafin barci, duk sun zo a hadisi. Ma'aunin malamai shi ne inda mutum ya jingina amfani da cutarwa. Wanda ya ƙi zama kan turmi don tsabta bai yi laifi ba. Wanda ya ƙudurce cewa ranar Laraba da kanta tana jawo masifa ya taka iyakar tauhidi.

Akwai kuma camfin da ba shi da wata hikima a ƙarƙashi. Tsohuwar da aka yi wa ƙazafin maita don jaririn maƙwabta ya yi zazzaɓi ta rasa mutuncinta, jaririn kuma ya rasa lokacin da ya kamata a kai shi asibiti. Haka ƙunar da aka bar wa tofi kaɗai takan ruɓe.

Yau jikokin maƙeran da yawa sun koma walda, injin janareta ya maye gurbin zugazugi. Sun daina cewa aljani ne a cikin ƙarfe. Sai dai a rumfunan walda na bakin titi, ba wuya a ga yaro tsugune yana haɗa ƙofa, tartsatsi na tashi, idonsa ba tabarau, maigidansa kuma na gefe yana duba waya.