Haƙƙin Yaron Da Wasa Ya Nakasa

Wani magidanci ya kawo wata tambaya gaban dattawan ikkilisiyarsu bayan Misar Lahadi, muka ga ya dace mu shimfiɗa ta a wannan shafi domin dukanmu mu auna ta tare. Ɗansa mai shekara 16 shi ne mai tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta makarantarsu. Ranar wata gasa ya yi tsalle ya kama ƙarfen sama na raga, sai ragar ta tuge gaba ɗaya ta faɗo masa a gadon baya, domin ba a kafa ƙafafunta a ƙasa ba, da duwatsu kawai aka tokare ta. Abokansa, cikin ruɗewa da ƙauna, suka sungume shi, wani ya riƙe hannu wani ƙafa, aka ɗora shi a babur zuwa asibiti. Wata bakwai ke nan yana kwance, ƙafafunsa ba sa motsi. Uban ya sayar da gona ɗaya da shanun noma biyu. Ƙanensa da ke aiki a birni ya ce a nemi lauya. Matarsa kuwa ta ce sun riga sun faɗa a gaban mutane cewa sun yafe. Abin da ya tambayi dattawa shi ne, Kiristan da ya ce ya yafe, yana da sauran bakin neman diyya?

Mun san amsar da takan fara zuwa bakinmu. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mu ce mun bar wa Allah. Ba mu raina wannan magana ba, gama ta sha kashe wutar da za ta cinye zumuncin unguwa, ta kuma hana iyaye da yawa haukacewa saboda baƙin ciki. Amma a ganinmu tana haɗa abubuwa biyu a ƙwarya ɗaya, ta zubar da su tare, alhali kuwa ɗaya ne kaɗai daga cikinsu mallakin iyaye.

Na farko shi ne fushi da ƙullin zuciya da marmarin ganin wanda ya yi laifi ya sha wuya. Wannan na uban ne da uwar, Ubangiji kuwa ya umarce su su sake shi, ko da wanda ya cuce su bai zo roƙon gafara ba. Na biyu shi ne kuɗin keken guragu, da robar fitsari da za a riƙa canjawa, da katifa mai taushi da maganin gyambon kwanciya, da motar zuwa asibiti domin gashin ƙashi, da karatu ko sana'ar da mutum zai iya yi a zaune. Wannan kuwa na yaron ne. Uba mai shekara 50 zai bar duniya wata rana, ɗan kuma mai yiwuwa ya rayu shekaru da dama bayansa, yana dogara ga 'yan'uwan da su ma suna da nasu iyali. Idan uban ya ce "na yafe" saboda kunyar shugaban makaranta, ko domin kada a ce da shi mai son abin duniya, to, ya yi kyauta da abin da amana ce kawai a hannunsa. Dokar Ingila ta lura da wannan, shi ya sa a can duk wata yarjejeniyar diyya da aka ƙulla a madadin yaro ba ta tabbata sai alƙali ya duba ya amince, kuma galibi akan ajiye kuɗin a hannun kotu har yaron ya cika shekara 18.

Ikkilisiya ba ta taɓa koyar da cewa gafara tana share biyan hasara ba. Wanda ya furta zunubin sata a gaban Fada yakan sami gafara, amma akan ce masa ya mayar da akuyar. Zakka mai karɓar haraji, a Bishara ta hannun Luka sura 19, ya karɓi Yesu a gidansa, nan take kuma ya ɗauki alkawarin mayar wa waɗanda ya zalunta riɓi huɗu. Tsarkakan Toma Akwinas, wanda ya rasu a shekarar 1274, ya kai maganar har ga irin abin da muke tattaunawa. Ya koyar cewa idan abin da aka raba mutum da shi ba ya mayuwa, kamar gaɓar jiki, wajibi ne a rama masa gwargwadon iko, da kuɗi ko da wata daraja, bisa ga abin da mutum mai adalci ya yanke bayan ya dubi halin ɓangarorin biyu. Ashe diyya, kafin ta zama abin da wanda aka cuta yake nema, bashi ce a wuyan wanda ya yi sakaci, hanya ce kuma ta sauke nauyin da ke kan lamirinsa.

Sai dai ba kowane rauni ne yake da mai laifi ba, a nan kuwa dole mu taka a hankali. Duk yaron da ya shiga fili ya san za a yi karo, za a faɗi, wata rana ƙashi zai karye ba tare da kowa ya karya doka ba. Littafin Fitowa sura 21 ya raba waɗannan abubuwa da misalin sa. Idan san da ba a san shi da tunkuyi ba ya kashe mutum, mai shi ba shi da laifi. Idan kuwa an san shi da halin, an kuma gargaɗi mai shi bai ɗaure shi ba, to, alhaki ya hau kansa. A wannan sura dai aka ce wanda ya haƙa rami ya bar shi a buɗe shi zai biya dabbar da ta faɗa ciki. Tambayar da iyaye za su fara yi wa kansu ke nan: akwai babban da ya san da hatsarin, yana da ikon kawar da shi, ya kau da kai?

Wata shari'a da aka yi a Ingila ta nuna yadda ake bin wannan layi. A shekarar 1991 wani saurayi ɗan shekara 17 yana wasan zari-ruga na matasa. A wannan wasa akwai lokacin da 'yan wasa takwas daga kowane ɓangare sukan sunkuya, su sarƙe kawuna da kafaɗu suna turereniya, idan kuwa tarin ya rushe, nauyin mutane da yawa yakan sauka a wuyan na gaba. Saboda haka aka kafa wa matasa 'yan ƙasa da shekara 19 ƙa'ida ta musamman, a haɗa su mataki-mataki. A wannan rana tarin ya rushe aƙalla sau 20, alƙalin wasa bai tsaurara ƙa'idar ba, har aka kai ga rushewar da ta karya wuyan saurayin, jikinsa ya shanye. Ya kai ƙarar mutum biyu, ɗan wasan da ke gabansa da alƙalin wasa. A shekarar 1996 kotu ta wanke ɗan wasan, ta ɗora alhaki a kan alƙalin, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin. Mun ga hikima a ciki. An bar yaro ɗan'uwansa, wanda ya yi wasa cikin zafin da aka san wasan da shi, aka tuhumi babban da aka ba amanar tsare ran yara.

Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, domin sau da yawa fushin iyaye yakan sauka a kan wanda ido ya gani, wato yaron da ya sa ƙafa. Shi ma ɗan wani ne, mai yiwuwa tun ranar bai ƙara barci mai daɗi ba. In ba mugunta ya yi da gangan ba, ko ganganci wanda ya wuce iyakar wasa, jan sa zuwa ofishin 'yan sanda ƙara yawan masu rauni ne kawai.

Akwai kuma wata shari'ar da ta ƙare dabam. Wani ɗalibi ɗan shekara 16 ya sami mummunan rauni a baya a wasan zari-ruga na makaranta a garin Bedford a shekarar 1980. Ya yi ƙara cewa ba a koya masa wasan yadda ya kamata ba, kuma makaranta ba ta yi masa inshora ba. Kotu ta ce babu sakaci a koyarwar, a shekarar 1989 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ce doka ba ta wajabta wa makaranta ta yi wa ɗalibai inshorar hatsari ba. Bayan shekara tara ya fita hannu rabbana. Shi ma, kamar wanda ya yi nasara, ya buƙaci magani da kulawa, abin da ya raba su shi ne an sami mai laifi a ɗaya, ba a samu a ɗaya ba. Ƙasar New Zealand ta dubi wannan giɓi, tun shekarar 1974 ta kafa asusun da ke kula da duk wanda ya ji rauni ta hatsari, har da na filin wasa, ba tare da neman mai laifi ba, a madadin haka kuma aka janye yawancin ikon kai ƙara. Mu ba mu da irin wannan asusu. Abin da muke da shi shi ne dangi, da baikon Lahadi, da Zumuntar Mata, da ƙungiyar matasa. Inda babu mai laifi, mu ne za mu ɗauki yaron, kuma za a ga gaskiyarmu a wata na bakwai da shekara ta uku, lokacin da masu zuwa dubiya sun ɗauke ƙafa.

To, idan akwai sakaci, ta wace hanya Kirista zai nema? Wasu sukan kafa hujja da wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa sura 6, inda ya tsawata wa masu bi saboda kai juna kotu. Amma wanda ya karanta surar da kyau zai ga kunyar da manzon ya ba su ita ce, a cikinsu duka an rasa mai hikima ɗaya da zai raba gardama tsakanin 'yan'uwa. Tsawatawar ta fi hawa kan jama'ar da ta kasa yin shari'ar gaskiya a cikin gida. Dokar Ikkilisiya ta shekarar 1983 ita ma ta gargaɗi masu bi su guji ƙararraki iyakar ƙoƙari, amma da sharaɗin kada adalci ya salwanta. Don haka a fara da zama: iyaye, hukumar makaranta, Fada, dattawa, da likitan da zai faɗi gaskiyar abin da yaron zai buƙata nan gaba. A rubuta abin da aka yarda, a sa hannu, domin shugabanni suna canjawa, alkawarin baki kuwa yakan tafi tare da wanda ya yi shi. Idan aka ƙi zama, ko aka kawo buhun shinkafa da 'yan kuɗin mota aka ce a rufe magana, ba mu ga zunubi ba ga uban da ya je kotu a madadin ɗansa. Ya dai tafi da idonsa a buɗe. Shari'a tana cin shekaru da kuɗi, tana iya ƙarewa babu komai, tana kuma iya mai da gida wurin da ba a zancen komai sai ita, har yaron ya ji kamar raunin nasa ne kaɗai abin da ya rage masa na daraja. Ya nemi abin da jinya da rayuwa suke buƙata, kada a zuga shi ya ƙara a kai. A kuma tambayi yaron ra'ayinsa, gama mai shekara 16 ba jariri ba ne.

Akwai masu cewa idan aka fara irin wannan, malamai za su gudu daga koyar da wasa, makarantu su rufe filayensu. Tsoron yana da tushe, mun kuma san malaman da suke horar da yara da yamma ba tare da ko sisin kwabo ba. Amma abin da ake nema bai fi ƙarfinsu ba: a kafa raga da siminti, a cike ramuka, a kwashe kwalabe, kada a haɗa ƙaramin yaro da ƙato mai gemu da aka rage wa shekaru, a kuma koya wa kowa cewa wanda ya bugu a wuya ko a baya ba a sungumarsa, akan kwantar da shi a miƙe a kan katako, a tallafe kansa, domin ɗaukar ganganci tana iya ƙarasa lakar da ba ta gama tsinkewa ba.

Abu mafi wuya mun bar shi a ƙarshe. Wani lokaci makarantar tamu ce, ta mishan, ko gasar ƙungiyar matasan ikkilisiya ce ta shirya. A nan iyaye sukan ji kamar neman haƙƙin ɗansu kai ƙarar Allah ne, sai su haɗiye, wasu kuma su daina zuwa Misa ba tare da sun faɗa wa kowa dalili ba. Bai kamata mu bar su su zo suna roƙo ba. Hukumar da ta san ragarta ce ta faɗi ita ya kamata ta fara sallama a ƙofar gidan.

Dattawan da aka kawo wa wannan tambaya sun ce wa magidancin yafewarsa tana nan daram, kada ya janye ta. Sa'an nan suka zaɓi mutum uku, har da wata ma'aikaciyar jinya daga Zumuntar Mata, su raka shi wurin hukumar makarantar da takardun asibiti da lissafin abin da ya kashe. An sa ranar zama na biyu. Ragar ɗaya gefen filin kuwa, da suka je, sun tarar har yanzu da duwatsu aka tokare ta.