Haruffa uku a bangon kogo

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Daga duwatsun Abzin na ɗauko ta, lokacin da nake aikin yaƙi da jahilci a jihar Agadas.

Wata ranar hutu, cikin watannin ɗari, mu 11 muka fito daga Ifaruwan da asuba, ni da ɗalibaina manya, muka nufi dutsin Tamgak. Jagoranmu wani Ba'abzine ne mai ƙarancin magana. Kowa da gorar ruwansa, da dabino a aljihu. Tun hantsi muke hawa. Can wajen azahar jagora ya ɗaga hannu, muka yi tsit. Ashe ragunan dutsi ne guda uku a kan wani tsauni, launinsu ɗaya da na dutsin. Kafin mu gama nuna wa juna sun ɓace.

Muka shiga wani kogo shan inuwa. A bangonsa akwai zanen mutanen da: raƙumin dawa, da jimina, da shanu masu dogayen ƙahoni, sai wasu layuka na Tifinar, wato rubutun Abzinawa. Muna cin dabino sai na ji ƙarar ƙarfe a kan dutsi. Wani ɗalibina ne, dattijo mai noman lambu, ya ciro ƙusa yana rubuta sunansa dab da wuyan raƙumin dawa. Ya yi haruffa uku, jagora ya riƙe masa hannu.

Dattijon ya juyo gare ni, ya ce: "Malam, su waɗannan wa ya hana su? Nasu ya zama tarihi, nawa ya zama laifi?"

Na rasa ta cewa. Ku tuna, mutumin nan ya fi shekara 50 yana dangwala yatsa a takarda. Watanni shida ke nan da ya fara riƙe alli. Gaskiyar Allah, da na ga haruffan sun fita sarai, sai da na ji daɗi a zuciyata kafin kunya ta biyo baya. Kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Masu Tifinar ma sun tarar da zanen dabbobin, suka ƙara nasu. Abin da ya motsa su, shi ya motsa shi: mutum na so a san ya taɓa ratsa duniya.

To, ina bambancin yake? Wasu za su ce tsufa. Ni ban yarda ba, don in tsufa ne kaɗai, ai sai mu jira shekara dubu, ƙusar dattijo ma ta zama abin alfahari. Ga nawa gani: zanen nan shaida ne, kuma shaidar ba ta da magaji. Yau ba raƙumin dawa a Abzin. In kana son ganinsa da rai, sai ka gangara Kure, kusa da Yamai, inda a 1996 guda 49 kacal suka rage kafin a tashi tsaye a kare su. A arewa kuwa sai hotonsa a dutsi, kamar na Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, wanda tsawonsa ya wuce mita 5. Wannan bango shi ke gaya mana a da akwai ruwa da ciyawa a inda yau sai rairayi. Sunan dattijo yana da wuraren zama dubu: allo, wasiƙa, takardar haihuwar jikansa. Raƙumin dawan Abzin ba ya da ko ɗaya sai nan. Wa ya sani, wataƙila wata rana ragunan da muka gani su ma sai a bango.

Doka dai tana nan. An keɓe Abzin da Tenere tun 1988, UNESCO ta sa su cikin kayan gadon duniya a 1991. Amma doka ba ta bi mu cikin kogo ba, kuma dattijon bai taɓa jin labarinta ba. A nan ne na ga nawa laifin. Na koya masa yadda ake rubutu, ban taɓa zama da shi mun yi maganar inda ake yinsa ba.

Da za mu sauka ya ɗauki dutsi zai goge. Jagora ya hana, ya ce gugar ta fi rubutun ɓarna. Haka muka bar rabin suna a can. Har muka iso gari da magariba bai ce uffan ba. Ranar karatu ya zo da wuri, ya miƙo mini allonsa, ya ce: "Malam, raƙumin dawa, da wane harafi yake farawa?"