Wa Ya Auna wa Kumbon Mai?

Idan muka ba ɗalibai gajeren labari guda ɗaya, sukan yarda da duniyar da marubucin ya gina musu, su yi ta muhawara a cikinta. Idan kuwa muka jera musu biyu, sai su fara tambayar wanda ya yi ginin. Labarai biyu na ƙagen kimiyya daga Amurka sun ishe mu misali.

Na farko shi ne "The Cold Equations" na Tom Godwin, wanda ya fito a 1954. Ƙaramin kumbo zai kai magani ga mutum shida da zazzaɓi ya kwantar a wata duniya mai nisa. An auna masa mai daidai nauyin matuƙi da kaya, babu rara. Sai ga wata 'yar shekara 18 ta ɓuya a ciki don ta je ganin yayanta, a zatonta tara kawai za a ci ta. In ta zauna kumbon zai faɗi, rai takwas su salwanta. Da ƙafarta ta shiga ƙofar da za ta cilla ta sararin samaniya.

Na biyu shi ne "The Ones Who Walk Away from Omelas" na Ursula K. Le Guin, na 1973. Omelas birni ne na wadata da annashuwa, amma da sharaɗi: dole a bar yaro ɗaya kulle a wani akurki cikin ƙazanta, ko kalma mai daɗi ba za a faɗa masa ba. Kowa ya sani. Yawanci sukan yi kuka su haƙura, 'yan kaɗan su fice daga garin.

A karanta na Godwin shi kaɗai, ɗalibai za su ce ƙaddara ce, lissafi ba ya jin magiya. A karanta na Le Guin shi kaɗai, za su la'anci mutanen birnin su wuce. Haɗa su ne ke jawo tambaya mai nauyi. Tunda mun ƙi yarda da sharaɗin Omelas, don me muka yarda da na kumbon? Wa ya hana a ƙara masa mai? Wa ya tashe shi ba tare da an leƙa ɗakin ajiya ba? An ma ruwaito cewa Godwin ya riƙa nemo hanyar ceton yarinyar, editansa John W. Campbell yana mayar masa da labarin har sai da ta mutu. Ashe wannan dolen ma mutum ne ya tsara ta.

Ba muna cewa babu tilas ta gaskiya a rayuwa ba. A sa'ar da matuƙin ya tsinci kansa, ba shi da mafita, kuma bai kamata aji ya mai da shi mugu ba. Alhakin yana can baya, wurin waɗanda suka ga tanadin mai ya fi musu tanadin rai. Haka masu ficewa daga Omelas: sun wanke hannunsu, amma yaron yana nan inda suka bar shi.

Ɗalibanmu gobe su ne likitoci, injiniyoyi da masu rabon kasafi. Sau da yawa za a miƙo musu takarda a ce babu yadda za a yi. Aikin gida da ya kamata mu ba su ƙarami ne: a kowane labari su rubuta wanda ya biya farashin, da wanda ya yanke shi, sannan su duba ko mutum ɗaya ne.