Lauje da Tarakta a Gadarif

Nakan ji ana cewa duk wanda ya dage da aiki zai samu. Da haka ne, da masu yankan riɗi a Gadarif sun fi kowa arziki a Sudan.

Tun shekarun 1940 aka fara noman tarakta a yankin. Daga baya gwamnati ta yanka ƙasa manyan gonaki, da yawansu sama da hekta 400, ta ba masu jari haya. Amma riɗi galibi da lauje ake yankansa, kuma cikin 'yan kwanaki, kafin kwansonsa ya fashe. 'Yan ƙwadagon da ake kira jango ne ke wannan aiki: wasu daga yammacin Sudan, wasu daga Habasha, wasu Hausawa 'yan'uwanmu. Yawan damin da mutum ya ɗaure shi ne ladansa. Kaka na wucewa, aiki ya ƙare.

Mai takardar gona banki zai ba shi bashi, ko damina ta ɓaci ya sake shuka baɗi. Mai lauje kuwa ciwon mako guda ya isa ya cinye masa shekara. Ina daidaiton dama a nan?

Na yarda arziki na Allah ne. Amma rabon gona da ƙa'idar bashi mutane ne suka tsara su, kuma mutane za a tambaya.