Kafin Ka Kai Ɗanka Kwalejin Masu Bi

Ya ɗan'uwa, idan Ubangiji ya buɗe wa ɗanka ƙofar karatu a wata kwaleji ta masu bi a Amurka, kada kyan gine-gine ya yanke maka shawara. Ga misali Wheaton, yamma da birnin Chikago, wadda aka kafa a 1860. Can ne Billy Graham ya gama karatu a 1943. Mai zagawa da baƙi za ya nuna muku ɗakin littattafai da filin wasa, gama aikinsa ke nan. Ka gode masa, amma ka roƙa a bar ku ku shiga sujada, wadda wajibi ce ga ɗalibai sau 3 a mako, ka lura ko yaron yana ji, ko kuwa ƙofa yake duba.

Ka sani kuma ba sana'a kaɗai ake koya a can ba. Ko mai son zama likita sai ya karanta Littafi Mai Tsarki da tarihi da falsafa, a kan kuma jefa masa tambayoyi masu wuya a kan bangaskiyarsa. Wani yaro wannan ya kan ƙarfafa shi, wani kuwa ya kan gaji.

Abu mafi nauyi shi ne alkawarin zaman tare, wanda kowane ɗalibi ke amincewa da shi: ba giya, ba taba, ba fasikanci. Ka ba shi ya karanta shi kaɗai, gama a gabanka kunya za ta sa ya ce i. In ya amince da baki alhali zuciyarsa ta ƙi, da ƙarya ya soma shekara 4 ɗin nan. In ka ga yana jinkiri, ku koma masauki ku yi addu'a, ka sake tambayarsa da safe.