Neman Kuɗin Maganin Ƙiba Ta Hanyar Halal

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, maganarmu ta wannan mako a kan allurar rage ƙiba ce, da yadda Musulmi zai biya kuɗinta ba tare da ya saɓa wa Ubangijinsa ba.

Ƙibar da ta wuce kima cuta ce, domin ita ke buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa. Shari'a kuwa ta kwaɗaitar da neman magani. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa an yi masa ƙaho, ya kuma biya mai ƙahon ladansa. Saboda haka kashe kuɗi a kan lafiya ba aibu ba ne.

To, amma wannan magani yana da tsada. Wani kamfanin ƙasar Denmark, Novo Nordisk, shi ke yin Ozempic, wadda Amurka ta amince da ita don ciwon sukari a 2017, da Wegovy, wadda ta amince da ita don ƙiba a 2021. Sau ɗaya a ke yin allurar a mako, tana sa mutum ya ji ya ƙoshi da wuri. Lokacin da Wegovy ta fito, kuɗinta na wata guda ya haura dala 1,300. Kuma bincike ya nuna waɗanda suka daina ta sun mayar da wajen kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar a shekara guda. Watau ba sayayyar yini ɗaya ba ce, ɗawainiya ce mai tsawo. Duk wanda zai fara, ya yi lissafin shekara, ba na wata ba.

Abu na farko, mutum ya tambayi kansa, larura ce ko kwalliya? Likita ne zai raba wannan gardama. Wanda lafiyarsa ke cikin haɗari yana da uzuri. Wanda kuwa ya ke son rama don a yaba masa a taron biki, ya tuna aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta hana almubazzaranci. In kuma kuɗin cefanen gida ne, to abincin iyali wajibi ne a kan maigida, ba a tauye wajibi don sha'awa.

Na biyu, a guji bashin ruwa. Aya ta 275 ta Suratul Baƙara ta haramta shi, kuma maganin da a ke saye kowane wata da bashin ruwa rami ne wanda ba ya cika. Ko bashin halal ma abin tsoro ne: an kawo wa Annabi gawar wani mai bashi, bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Na uku, a yi hattara da araha. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an kama jabun wannan allura a Brazil da Ingila da Amurka. In an sami jabu a can, ina ga abin da a ke tallarsa a waya ba takardar likita? Araha ba ta ado. Mai sayar da jabu kuwa ya haɗa algus da cutar da rai.

Ƙofofin halal suna nan. Mai inshorar lafiya ya tambaya ko tana ɗaukar wani kaso, amma kada ya nemi likita ya rubuta masa ciwon sukarin da ba shi da shi, wannan ƙarya ce da cin dukiyar jama'a. A gaya wa likita gaskiyar aljihu, sau da yawa akwai tsohon magani mai sauƙin kuɗi. Akwai adashi, akwai rance mai kyau daga dangi. Matalaucin da larura ta kama yana cikin waɗanda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta halatta wa zakka, mawadata su tuna da shi.

Haƙuri ma ƙofa ce. A 2025 kamfanin ya sauko da kuɗin Wegovy zuwa dala 499 ga masu biya daga aljihu a Amurka, kuma 2026 ce shekarar cikar wa'adin haƙƙin mallakar maganin a Indiya da Sin da Brazil, abin da ke ba wasu kamfanoni damar yin irinsa da rahusa.

Wanda har yanzu ya fi ƙarfinsa, kada ya yanke ƙauna. Annabi ya koyar da raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, kuma tafiya masallaci da ƙafa ba ta cin ko kwabo. Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya wadata mu da halal. Wassalamu alaikum.